Tafiyata Manga don sayar da shanun Baba

Asabar, daga Zongo zuwa Kombisiri

Ƙarfe biyar da kwata muka bar Zongo, ni da Malam Isuhu direba, mutumin Nijar da ya shekara goma yana ɗaukar mini kayan atamfa zuwa kasuwar Sankaryare. Niyyata guda ce. Shanu arba'in da marigayi Baba ya bari a wajen Manga, ƙanana masu ƙashi a waje, zan sayar da su kaf in sayi manyan shanun Azawak irin waɗanda nake gani a waya. Ni mutum ne mai gaggawa, har na riga na yi magana da dillali.

A feyaj, inda ake biyan kuɗin hanya, jandarma ya duba kart ɗinmu na shaida ya ɗaga hannu. Kilomita arba'in muka shiga Kombisiri, muka karya da benga, wato shinkafa da wake, da zomkom, ruwan gero mai sanyi.

"Alhaji, ka taɓa ganin shanun nan na babanka da idonka?" in ji Isuhu.

"A hoto."

Ya ci gaba da cin wakensa.

Manga da ruga

Ƙarfe tara muka wuce Manga, muka saki kwalta. Kilomita sha biyu na jar hanya suka ci mana awa guda. Baffa Hammadi, Bafulatanin da ke kiwon shanun tun ina firamare, ya tarbe mu da ƙwaryar nono. Ban ko gama sha ba na tashi na ƙirga garke. Talatin da ɗaya. Na sake ƙirgawa, haka dai. Raina ya ɓaci, na faɗa masa magana mai zafi wadda har yau nake jin kunyarta.

"Ɗan Alhaji, zauna," ya ce. "Tara suna habbanaye. Na aika, bayan la'asar za ka gan su."

Ya bayyana mini: mai shanu yakan ba wanda ba shi da ko ɗaya aron saniya, ya kiwata har ta haihu sau uku. 'Yan maruƙan nasa ne, uwar ta koma gida. Baba ya shekara talatin yana haka, bai taɓa gaya mana ba.

Bayan la'asar

Kukansu na fara ji. Sai ga shanu suna fitowa daga gabas, daga kudu, daga bayan fadama, kowane garke da mai shi. Kusan duka jajaye ne masu farin goshi, irin namu sak, har fili ya cika. Isuhu ya cire hularsa yana ta salati.

Wata tsohuwa Bamosa ta matso riƙe da igiyar wata saniya. Hammadi ne ya yi mana tafinta.

"Shekarar da mijina ya rasu babanka ya ba ni uwar wannan. Sha huɗun can duk daga gare ta suke. Wannan kuma bayan uwar ta koma garkenku aka haife ta, aka ba ɗana aronta, ta haihu uku. Mun ji za ka sayar, ga ta."

Na karɓi igiyar. Na tambayi Hammadi ko Azawak za su yi a nan. Ya ce babana ya gwada biyu, tsando na fadama ya kashe su a damina guda. Ƙananan nan ne ke jurewa. In nama nake so, in canza bijimi da ɗan gauraye, in bar matan.

A gefe akwai wani magidanci da ya zo hannu wofi, kallo kawai yake. Hammadi ya ce shi ne Baba ya yi wa alkawarin aro na gaba. Na taka na miƙa masa igiyar.

Lahadi, komawa

Mun kwana a ruga, aka yi mana tuwon dawa da miyar kuka. Ƙarfe bakwai muka kama hanya da tsohon bijimin kaɗai a bayan mota don dillali, azahar muka shigo Zongo lafiya, alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Baffa Hammadi da Isuhu da alheri.

Inna tana zaune a tsakar gida. Ta ce, "Nawa ka sayar?"

Na ce, "Ɗaya. Ɗaya kuma na ba da aro."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Haka babanka yake amsa mini duk sanda ya dawo daga can."