Yankan da Baba Ya Raina

Baba wanzami ne a kasuwar Gidan Rumji. Ni kuwa lakol, wato karatun boko, ta ja ni har bakin teku, inda na yi shekaru ina yanke hannun wata halitta mai kama da tauraro, ina lura da yadda mikin ke rufewa, sabon hannu ya tsiro. Fatana abin ya amfani masu gyambon da ya ƙi warkewa.

In an tambayi Baba ina ɗansa, sai ya ce, "Ya yar da gado, yana can yana kiwon kifi." Maganar nan ta daɗe tana ci mini rai.

Da na zo gida bara, na tarar da shi a rumfarsa yana wanke ƙaho. Haushi ya ɗebe ni, na ɗora masa wayata a gwiwa. "Baba, ga kiwon nawa, ku duba."

Ya bi hotunan aikina har ƙarshe. Na zaci tsirowar hannun za ta ba shi mamaki. Ina! Kan hoton farko ya koma.

"Wa ya yi wannan yanka?"

"Ni ne."

"Hannunka na rawa. Yagar fatar ka yi."

Ya buɗe zabira, ya miƙo mini askar kakana. "Gobe da hantsi ka zauna kusa da ni. Ba zan bari ka ba mu kunya a bakin teku ba."