Shukar da Na Yi da Rawani a Ka

Mai garinmu na wancan lokaci tsoho ne, ido ya tafi, kunne kuwa sai abin da ya ga dama yake ji. Wata shekara, tun ba a fara zancen jirgin ƙasa ba, Bature ya zo rangadi daga Gusau ya ce ya yi murabus, ɗan ƙanensa zai hau. Aka ba shi zuwa Juma'a. Tsakanin Laraba da Juma'ar nan tsohon ya naɗa mutum tara. Duk sarautar da ta daɗe babu mai ita sai da ya nemo mata kai, don kada ɗan ƙanen ya tarar da abin raba wa mutanensa.

Ni ne na tara. Jakai biyu gare ni, ina kai dawa kasuwar Tsafe in dawo da gishiri, kuma nakan ba tsohon dariya. Iyakar cancantata ke nan. Na shigo gari da rana tsaka aka ce ana nemana a fada. Na durƙusa ina tunanin wanne ne ya tonu cikin laifuffukana, na tashi ina Sarkin Rafi.

Sarautar tana da gona, jigawa mai kyau a saman rafi, daga cikinta ana hango duwatsun Kwatarkwashi. Tana kuma da mai jiranta, ɗan marigayi Sarkin Rafi, wanda ya shekara biyu yana kai gaisuwa.

Tsoho ya sauka, sabo bai hau ba, ana jiran takarda. Gari ya rabu. Wasu suka ce naɗi ya naɗu tunda liman ya shafa fatiha, wasu suka ce wanda aka riga aka sallama ba ya naɗa kowa. Na kasa zama wuri ɗaya. Sau biyu ina takawa har Bungudu neman labari, ina dawowa da faso a ƙafa. Ana cikin haka ruwan shuka ya sauka.

Irin geron da ke gidana na gona ɗaya ne, don bara fara ta yi mana aski. Ko tawa ta gado, ko ta sarauta. Matata ta sauko da ƙwaryar irin ta ajiye a gabana.

"Ranka shi daɗe, ina za a kai?"

"Gonar sarauta."

"Ta wa?"

"Tawa mana."

"Har yaushe?"

Na ɗauke ƙwaryar. In na bar gonar babu shuka, na sauke kaina da kaina. Ga shi kuma ta ninka tawa albarka.

Mai sarauta ba ya shuka da hannunsa, gayya yake kira. Na kira, aka dama fura, ko mutum ɗaya bai zo ba, don ba mai son a gan shi a gefen tsohon da ya sauka. Na ɗauki sungumi na tafi ni kaɗai. Rawanin kuwa ba damar cirewa, domin da zarar na tuɓe shi na koma mai jaki a gonar mutane. Haka na yi ta sara, in dawo in zuba iri in rufe, gumi na shiga ido, bakin rawani na kwancewa yana jan ƙasa.

Ɗan marigayin ya zo ya shimfiɗa buzu a gindin ɗorawa.

"Sannu da aiki, Sarkin Rafi."

"Yawwa, talakana."

"Ka riƙa dannewa da diddige sosai, akwai zabbi nan wurin. Ba ni son giɓi."

"Taka ce?"

"Kai dai yi aikinka."

Kwana uku yana zuwa. A na ukun har ruwa ya kawo mini. Na sha.

Takarda ba ta iso ba sai da gero ya kai gwiwa, na gama noman fari. Sabon mai gari ya soke mu tara a zama ɗaya. Na ce to, gerona fa? Liman ya warware abin: in Sarkin Rafi ne ya shuka, amfanin nasa ne, amma fa naɗin ya tabbata ke nan, har da na sauran takwas. In kuwa talaka ne ya faɗa gonar sarauta babu izini, bulala ce. Mai gari kuwa bai so ya fara mulki da ko ɗaya ba. Can wani dattijon fada ya ce shi a ganinsa ba wanda ya shuka geron nan, gyauro ne, ya fito da kansa, gyauro kuwa na mai gona ne.

Na ce, "Gyauro a jere, Baba, sahu bayan sahu?"

"Ikon Allah. Ko kai ka shuka?"

Na dubi dogari, na dubi abin da ke hannunsa. Na ce ni ko hanyar gonar ban sani ba.

Lokacin gero ya wuce, tawa gonar sai wake na watsa mata, wanda wan matata ya taimake mu da shi. Da kaka ɗan marigayin, sabon Sarkin Rafi, ya cika rumbu biyu. Da ya fitar da zakka, gidana aka fara kawo wa, dami uku, wai ni ne na gaba cikin mabukata. Matata ta tsaya a bakin zaure ta ce a mayar ko a shigo da shi. Na zaro zangarniya ɗaya na murza a tafin hannu. Na ce ta ɗauko turmi, na san geron nan, iri ne mai kyau.