Lalas ɗin da Na Yi wa Duna

Wata Laraba ce cikin daminar da na shiga aji uku, gero ya fara fitar da kai, na ga fuskar Duna tana kumbura a gabana kamar ana hura ta. Duna karenmu ne, baƙi mai yankakken kunne, shi ke gadin garken Baffa, mahaifina, a bayan ƙauyenmu cikin ƙasar Buji. Ran nan ba mu da makaranta, da hantsi lafiya lau muka kora maruƙa tare. Kafin azahar leɓɓansa sun yi suntum, ƙulalai sun feso masa daga hanci har gindin kunne, idanunsa sun shige ciki, yana ta gurza fuska a ƙasa.

Na san abin da ya same shi. Baffa ya hana ni zuwa gindin tsohuwar kukar bakin fadama saboda zumar da ke kogonta. Ni kuwa na bar maruƙa suna kiwo, na je na dinga jifan kogon da hoge. Da ƙudan suka taso sai na faɗa ruwa na nutse. Duna ya tsaya a bakin gaɓa yana haushi, suka rufe shi.

A lokacin, in kare ya canja kama yana dalalar da miyau, ba a tsayawa bincike. Da an ce ya haukace, samari za su fito da sanduna. Na taɓa gani an yi wa karen maƙwabtanmu haka. In na kai shi gida na yi shiru, kashe shi za a yi. In na faɗi gaskiya, tsumagiya na jirana. Sai na ƙudura zan warkar da shi da kaina, ba wanda zai ji. Na sha ganin Baffa yana gasa ƙarfe ya ɗora wa saniya a kan kumburi, abin da muke kira lalas, yana cewa, "Wannan sai wuta." A tunanina na yaro, kumburi duk ɗaya ne.

Na ja shi bukkar gona, na ɗaure shi da igiyar maraƙi, yana kaɗa mini wutsiya. Na hura wuta da kara, na sa bakin lauje har ya yi ja. Ina ɗora masa ya fizge, ƙarfen ya zame ya sauka a idonsa na hagu. Kukan da ya yi ne ya jawo Baffa daga cikin gero, da fartanya a hannu.

Ya durƙusa ya buɗa gashin fuskar, ya zaro ƙarin ƙudan zuma, wato tsinin harbinsu, da farce, ya nuna mini.

"Harbin zuma ne, ɗan nan. Da ka ƙyale shi, gobe ya sace. Ba ka da baki ne?"

Bai doke ni ba, da ma ya doka. Washegari kumburin ya sace kamar yadda ya ce, idon kuwa bai sake buɗewa ba.

Daga ranar na ɗauki jinyarsa. Kullum kafin in tafi makaranta sai na wanke ciwon da ruwan ɗumi da gishiri, Baffa na riƙe da shi, na jiƙa masa ƙanzo da tsala daga rabona. Yara suna tsokanata, suna ce mini uban kare, ban fasa ba har ciwon ya warke. Ya ci gaba da gadin garke har ya tsufa. Amma abincin da na ajiye ba ya ci sai na ja da baya, kuma bai ƙara miƙo mini kansa ba.

Yanzu na yi furfura, ina zaune a unguwar Limawa cikin birni, garke ya zama labari. Bara karen jikana ya dawo da fuska a kumbure. Na tare mai a-daidaita-sahu, ya dube ni yana dariya.

"Baba, kare za ka kai asibiti?"

"Shi zan kai, ɗana. Ja mu tafi."

Likitan dabbobi ya yi masa allura, kafin magariba yana wasa a tsakar gida. A zamaninmu babu allurar, amma ba rashinta ne ya cuci Duna ba. Da na buɗe baki ran nan, da ya tsufa da idanunsa biyu.