Kwalbar Mama Icilda

Verona Pinnock maƙwabciyata ce a nan Westmoreland. Aikinta shi ne zagaya gonakin wiwi masu lasisi, tana duba shinge da makullai. Tun da wani ƙaramin yaro ya sha alewar wiwi har aka kwantar da shi a asibiti, hankalinta bai ƙara kwanciya ba. Ko ƙofar da ɗan akuya zai iya kutsawa ta gani a shinge, sai ta sa a rufe gonar. Manoma suna kiran ta Uwar Makulli.

Amma a gidanta akwai surukarta, Mama Icilda, da kwalbarta ta giyar rake da aka jiƙa ganyen wiwi a ciki. Tsofaffinmu da yawa suna ajiye irinta saboda ciwon ƙirji. Verona ta sha ɓoye ta, tsohuwar tana binciko ta.

Ranar da 'yar Verona, Tashoya, ta tashi da tari, Verona ta yi ta kiran gida daga wurin aiki, ba a ɗauka ba. Ta baro gonar a guje ta iso gida, na gan ta, na bi ta ciki. Muka tarar da yarinyar tana barci da rana tsaka, shiru, babu tari.

Verona ta juya ga surukarta. "Mama, me kika ba ta?"

"Shayi mana. Kin gama da akuyoyi, yau ni za ki bincika? Da me kike zaton na raini mijin naki?"

Verona ta durƙusa tana shinshinar bakin 'yarta, ta ɗora hannu a kan ƙirjinta, tana jira ya ɗaga.