Ranar da Na Faɗi Sunan Malam a Riyad

Abubuwa da yawa sun same ni a Saudiyya, wasu na manta su tun kafin su huce. Amma ranar da aka zaunar da ni a wani ofis a Riyad ana yi mini kallon ɓarauniyar digiri, wannan kam har in koma ga Allah ba za ta fita raina ba.

Ni ba da ƙuruciya na yi boko ba. Ina da 'ya'ya reras na shiga ajin yaƙi da jahilci. Maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ya kai ni, shi ya cike takardar shiga, don a lokacin ko harafi ɗaya ban iya ba. Da aka zo wajen suna na biyu sai ya rubuta nasa da na mahaifinsa. Haka sunan ya bi ni makarantar ungozoma, ya bi ni jami'a, inda na karɓi digirin aikin jinya da furfura a kaina. Fasfona kuwa sunan mahaifina ne a kai. Ban taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba.

Bayan rasuwar Malam, maigidan nawa, na je Umara, na wuce Riyad wajen ƙanena da yake tuƙi, yana zaune a unguwar Manfuha. Shi ya haɗa ni da wani ƙaramin asibiti a Al-Naseem da matanmu suke zuwa awo, ana neman ma'aikaciyar jinya mai jin Hausa. Mai asibitin ya ce zai tsaya mini kafil, wato shi zai nema mini bizar aiki da iƙama, takardar izinin zama, amma sai kamfanin da yake tantance takardun karatun waje ya tabbatar digirina na gaske ne, kuma ya yi daidai da nasu. Ƙanena ya ja mini kunne cewa in suka rubuta "jabu", ba aikin nan kaɗai na rasa ba, duk ƙasar an rufe mini ƙofa, kuma labari yana iya komawa gida.

Da aka ce in je ofishin kamfanin da kaina akwai 'yar tambaya, sai jikina ya ba ni akwai magana. Na ce wa ƙanena, "Wani suke so su ba aikin, ni ana neman hanyar korata ne."

Ya ce, "Yaya, ke dai kowa maƙiyinki ne har sai ya kawo shaida."

Na ce, "Shi ya sa na kai yau da raina."

Wata Balarabiya muka tarar, mai gilashi, ba fara'a ko ta sisin kwabo. Ta jera digirina da fasfona a tebur. Ta dubi shekarar haihuwata, ta dubi shekarar da na gama, ta ɗago ta dube ni. Da Turanci muka yi magana. Ta ce a wannan shekarun na yi jami'a? Na ce ƙwarai, ko an sa wa karatu ranar lalacewa ne kamar maganin tari? Ba ta yi dariya ba. Sai ta ɗora tafin hannunta a kan digirin ta ce, "Faɗa mini cikakken sunan da yake nan."

Na faɗi sunana, na tsaya.

Ta ce, "Sai kuma?"

Na ce, "Sai sunan maigidana."

"Wato wa?"

Nan bakina ya mutu. Ni da ban taɓa jin tsoron faɗa wa kowa gaskiya ba, ni da na taɓa tsayar da babban likita a gaban ɗalibansa. Amma shekara talatin da ɗoriya na zauna da mutumin nan ban taɓa kama sunansa ba. Malam nake cewa, ko baban yara. A haka uwata ta tashe ni, a haka na ga matan gidanmu. Ko a jami'a in aka kira suna, amsawa nake yi, ko in rubuta, faɗa dai ban faɗa ba.

Ƙanena ya fara yi mata bayani da Larabci, ta ɗaga masa hannu ta nuna masa ƙofa. A ganinta sanar da ni amsa yake shirin yi. Yana fita ya juyo ya ce, "Yaya, don girman Allah ki faɗa. Ke da unguwa guda take shakkar bakinki, suna ɗaya zai gagare ki?"

Na ce, "Fita, kafin in fara da naka."

Muka rage mu biyu, ina zarginta tana zargina. Na ce mata kai tsaye, in akwai wadda aka ajiye wa aikin a gaya mini in tashi, a daina wasa da hankalina. Ta cire gilashin ta ce ita ba ruwanta da wanda zai samu aiki. Ta ce ta sha ganin mace ta zo da takardar 'yar'uwarta ko ta maƙwabciya, kuma duk a wajen suna suke tuntuɓe. "Ke ga fasfo da suna daban, ga shekaru, ga shi kin kasa faɗin sunan da kika ce naki ne. In ke ce ni, me za ki rubuta?"

Wallahi da ni ce ita, da tuni na rubuta "jabu". Na ce ta ba ni biro in rubuta mata sunan. Ta ce a'a, baki take so ta ji. Ta juya ga kwamfutarta, ta ɗora yatsunta.

Sai na faɗa. Na faɗi sunansa da na mahaifinsa, da ƙarfi, kamar mai kiransa daga zaure. Sunan ya yi mini nauyi a harshe, ya yi mini baƙo a kunne, sai kawai na ji kamar zai amsa. Hawayen da ban yi a gaban mutane ranar jana'izarsa ba, a gaban matar nan suka ɓalle.

Ta turo mini kwalin tishu, amma kada ku ɗauka ta yi laushi. Ta ce sai na kawo takardar aure, da rantsuwar kotu cewa sunayen nan biyu na mutum ɗaya ne, kuma za su tuntuɓi jami'ar da kansu. Na koma ƙasarmu na yi ta zirga-zirga tsakanin kotu da ofishin rajistara har takalmina ya cinye. Daga baya sakamako ya fito, digiri na gaske ne kuma ya yi daidai da nasu. Na dawo da bizar aiki. Har yau ban sani ba ko a ranar ta yarda da ni, ko dai ta jinkirta hukunci ne kawai.

Abin da na koya shi ne, kunyar da take mutunci a gidanku, a ƙasar wasu tana iya zama alamar ƙarya, kuma wanda yake zarginki ba lallai maƙiyi ba ne, wani abin da ya gani ne ya sa. Shi ya sa duk matar da ta ce mini za ta koma makaranta, nakan ce mata ta je, ko da jika a bayanta. Amma ta cike takardarta da sunan da bakinta zai iya faɗa a gaban kowa.