Litinin ɗin da Saba ta Daina Kula Kowa

Shekara huɗu na yi ina aikin ba da kati a wani ƙaramin asibiti a Yakasai. A ƙarƙashin teburina akwai wata baƙar kwamfuta da ake kira saba, a cikinta sunayen marasa lafiya da tarihin magungunansu suke. Kwamfutar likita da ta ɗakin magani duk daga wurinta suke ɗaukar bayani. Ni dai nawa in kunna ta da safe.

Wata Litinin na kunna sai ga rubutu, wai tana son sabunta manhajarta. Na danna amincewa. Ta ɗan jima, ta mutu, ta tashi da kanta. Na duba, sunaye suna nan lafiya lau.

Ban gama gyara zama ba likita ya leƙo. "Malama, ba na ganin kowa a tawa."

Na nuna masa su a gabana. Muka bi wayoyin kwamfutocin, ba wadda ta zare. Muka kashe muka kunna, shiru. Ma'aikacin ɗakin magani shi ma ya zo da irin wannan kuka.

Benci ya cika. Dole na koma kwafe bayanin kowa a takarda ina kai wa likita da ƙafa. Wata tsohuwa mai hawan jini, wadda ta tako tun daga Ƙofar Wambai, ta riƙo bakin mayafina.

"'Yata, ga wuta an kawo. Me kuma ya lalace?"

"Wallahi Hajiya ni ma ban sani ba."

Na kira injiniyan da ya haɗa mana kayan, ashe yana cikin mota zai je ta'aziyya Katsina. Ya ce sabuntawar ce ta goge saitin da ya yi, sabar ta rufe ƙofar da sauran kwamfutocin suke shigowa.

"Wace ƙofa, Malam?" Har na durƙusa ina leƙa bayanta.

Ya ce ba irin wannan ba. Ya sa na buɗe wani shafi cike da Turanci, ya riƙa karanto min lambobi, iska tana cinye rabin maganarsa. Sau biyu ina sa waƙafi inda ya ce ɗigo. A karo na uku na sa daidai, sai na ji muryar mai magani daga ɗakinsa, wai tasa ta dawo.

Ta likita kuwa ta ƙi. Injiniya ya ce ba zai yiwu ba, gyaran ɗaya ne. Layin ya katse a nan.

Bayan azahar, ba wanda ya taɓa komai, ita ma ta dawo. Da injiniyan ya iso ranar Laraba na tambaye shi dalili. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya tambaye ni ko na tabbata ban danna wani abu ba. Har yau idan na tuna, sai in fara shakkar kaina.