Ƙararrawa a Ƙofar Malam

Ni ban taɓa son kare ba, kuma ban ɓoye wa kowa ba. Fiye da shekara arba'in ina gidan Malam yana ajiye karnukan farauta, amma iyakarsu zaure da bayan katanga. Ba wanda ya taɓa tsallako tsakar gidana, duk sun san muciyata. Sai ga ni da furfurata a Riyad, a unguwar Suwaidi, na zuba wa gindin ɗan kwikwiyo ido tun safe har la'asar kamar wadda aka ɗauka aiki.

Ciwo ne ya kai mu can. Malam ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. 'Yarmu ta fari, wadda bakina bai taɓa kama sunanta ba, nas ce a wani asibiti wajen Shumaisi. Ita da mijinta suka yi mana takardu suka ɗauko mu. Suka ba mu ɗakin da ke gefen gida, mai ƙofa biyu: ɗaya tana fita tsakar gida, wadda can suke ce wa hosh, ɗaya kuma tana shiga wani ɗan lungu da ke kaiwa cikin gidan. A lungun nan na shimfiɗa dardumata.

Likitoci sun yi nasu, amma Malam ya ƙi taya su. Hannunsa na hagu lafiya lau yake, sai dai mutumin da bai taɓa miƙa wa ko yaro abu da hagu ba, yanzu aka ce ya ci da ita, ya gaisa da ita. Ya ƙi. Ya ajiye ta a kan cikinsa kamar ita ma ta mutu. Ni nake ba shi abinci a baki, cokali uku ya kau da kai. 'Yar ta sayo masa wata ƙaramar ƙararrawa ta tagulla, wai idan yana da buƙata ya kaɗa. Ya dube ta, ya dubi ƙararrawar, ya juya fuska bango. Haka muka yi wata huɗu, abin da na fi gani a jikin mijina ƙeyarsa ce.

Surukina injiniya ne, yana aikin gine-gine a Dir'iyya. Wata Alhamis ya dawo da kwali a hannu. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ni, idonsa a ƙasa, ya ce a gafarce shi, ɗan kwikwiyo ne ya tsinta a ƙarƙashin motar yashi, uwar ta ɓace kwana biyu. Ranar Asabar zai kai shi gonar wani abokinsa a bayan gari. Na ce Allah ya kai mu Asabar.

Aka ajiye kwalin a inuwar katanga. Abin ya kama kuka, siririn kuka mai shiga haƙori. Ina shirin tashi in rufe ƙofa sai na ji gado ya motsa. Malam ya juyo. Ya daɗe yana saurare, sannan ya ɗaga hannun nan na hagu ya ƙyasta 'yan yatsunsa sau biyu, yadda yake kiran karnukansa a gida. Kwikwiyon ya kifar da kwalin ya shigo yana tangaɗi, ja-ja da shi, cikinsa ya fi kansa girma. Malam ya sauke hannun ƙasa, ya kama kunnen ya duba, ya buɗe bakin ya ga haƙora, ya shafa ƙashin baya. A nan na gane: ba wanda ke jin kunyar taɓa kare da hagu. Da ita ake taɓa shi tun asali.

Daga nan kwikwiyon ya taka biyu ya tsuguna mini a tsakar ɗaki.

Da 'yar ta dawo daga aiki ta ga hannun ubanta yana lilo a gefen gado, sai ta fita hosh ta tsaya tana share ido. Ta dawo ta ce, Inna, a bar shi. Na ce tun muna yara aka faɗa mana abin da kare ke hanawa shiga gida, kuma ni ba zan yi salla a inda ake fitsari ba. Surukina ya ce ya tambayi malamin masallacinsu, an ce na gadi ba laifi. Na ce wannan da ba zai iya gadin kansa daga kyanwa ba? Muka yi ta ja, ni ina magana ina kallon bango, su suna amsa wa tabarma. A ƙarshe na yanke: ba zai tsallaka lungun sallata ba, ba zai kusanci kwanonmu ba, kuma na ba shi zuwa tsayuwar wata ya koyi fita waje. Bayan wata ya tsaya, sau ɗaya ya ɓata ɗaki, sai gona. Duk gidan sun san ni, idan na faɗi magana ba na komawa in lashe ta.

Sai da na kwanta na ga ramin da na haƙa wa kaina. Su biyun suna wurin aiki tun safe. Idan kwikwiyon bai koya ba, ni zan kore shi, kuma ni zan koma kallon ƙeya. Ba mai koya masa sai ni.

Na ce surukina ya kawo mini yashi. Ya ciko bokiti biyu daga Dir'iyya, ɗaya na zuba a kusurwar hosh ya zama makewayin kwikwiyon, ɗaya na ajiye don wanke duk abin da ya lasa, gama a garin nan ko'ina dutse ne a shimfiɗe, sai ka nemi ƙasar da za ka cika tafi ka rasa. 'Yar ta nuna mini wata Baturiya a waya, tana ta surutu tana ɗaga ƙafar karenta tana buga wa ƙararrawa a jikin ƙofa. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ga abin da take nufi. Na ɗauko ƙararrawar da Malam ya ƙi, na ɗaura mata zare, na rataye a marikin ƙofar hosh, daidai hancin kwikwiyon.

Sauran kuwa ba sai Baturiya ta koya mini ba. Yara tara na goya, ba wanda ya kai wata biyar yana ɓata mini zani. Ido ake sawa. Jariri idan zai yi, sai ya yi tsit, ya ɗan murɗa, nan take ka sauke shi ka zaunar a kan ƙafafunka. Kwikwiyo ma haka: idan ya tashi daga barci, idan ya ci, idan yana cikin wasa ya tsaya ya kafa hanci a ƙasa ya fara zagaye. Da na ga haka sai in miƙe, in taɓa ƙararrawar da yatsan ƙafata, in ce masa, "Waje," in buɗe. Gwiwoyina sun ji jiki. A rana nakan tashi fiye da yadda zan iya ƙirgawa.

Ɗaga masa ƙafa kam na ce ba da ni ba. Malam ne ya warware. Ina yanka dafaffiyar hantar kaza ya miƙo hannu, ya lakato, ya nuna ƙararrawar da haɓa. Na gane. Na shafa mata hantar da tsinke. Kwikwiyon ya zo lasa, ta yi ƙara, ya zabura ya faɗa bayan buta. Ya dawo, ya sake. Kwana uku ya haɗa ƙarar da buɗewar ƙofa.

A nan na yi kuskure. Duk lokacin da ya kaɗa sai in jefa masa hanta don murna. Ɗan banzan ya gano mai ba da nama ce aka ɗaure wa zare. Ya kaɗa, in tashi, in buɗe, ya zauna yana kallon hannuna. In zauna, ya sake kaɗawa. Rannan kafin azahar na tashi sau goma sha wani abu, na ce masa, "Kai, ko uwar mijina ba ta aike ni haka ba." Sai na ji wani sauti daga gado kamar tari. Na juya da sauri, ashe dariya ce, da rabin baki, hawaye na bin gefen da ya mutu.

"Malam, ni kake yi wa dariya? Abokinka ne ai, halinku ɗaya. A kwanta a sa mace aiki."

Ya miƙo hannu ya karɓe kwanon hantar ya ajiye a gefen matashinsa. Daga ranar shi ke biya. Idan kwikwiyon ya kaɗa don wasa, Malam ya rufe kwanon da tafinsa ya kalli rufi. Idan ya fita ya yi abin da ya fitar da shi a kan yashi, Malam yana hango shi ta ƙofa, sai ya ƙyasta yatsa, ya dawo a guje ya karɓi rabonsa. Na lura wani lokaci idan ya ba shi ɗaya, sai ya jefa ɗaya a bakinsa shi ma, yana satar kallona. Na yi kamar ina gyaran carbi.

Akwai kwanakin da ya riƙa kaɗawa da tsakar rana, in buɗe, ya leƙa ya ja da baya yana kuka. Na zaci iskanci ne ya dawo, har na ɗaga murya. Sai na cire takalmi na taka dutsen hosh da kaina. Ban kai taku uku ba saboda zafi. Na nemo wani tsohon kafet a bayan gida na shimfiɗa masa hanya daga ƙofa zuwa yashi, na riƙa yayyafa ruwa. Ban gaya wa kowa dalili ba.

Kafin wata ya tsaya mun yi kwana tara ɗaki a bushe. Malam ya fara yarda a jingina shi da matashi ya zauna.

Kwana huɗu da tsayuwar wata, ina sallar la'asar a lungu, a raka'a ta biyu, na ji ƙararrawa. Na ci gaba. Ta sake ƙara, da ƙarfi. Na ji Malam yana dukan ƙarfen gado da tafin hannu. Ta yi ta uku ina sujada. Ban taɓa yanke salla don mutum ba, balle kare, kuma ban gaggauta ba. Da na yi sallama na shiga, ga fitsari nan malale a gindin ƙofa, daidai ƙarƙashin ƙararrawar. Kwikwiyon ya shige ƙarƙashin gado. Malam ya riga ya juya bango.

Na wanke wurin da yashi da ruwa. Ba kowa a gidan, in na yi shiru shi ke nan. Amma Malam ya gani, kuma ya san ni. Idan na ɓoye, zai san tausayinsa na ji, shi kuwa ba abin da ya fi tsana tun da ya kwanta. Na zauna a bakin gado har aka kira magariba, bai juyo ba.

Da suka dawo na kira su na faɗa musu. 'Yar ta ce, "Inna, don Allah." Surukina ya sunkuyar da kai ya ce yadda na ce haka za a yi, Asabar zai kai shi.

Na ce wa bango, "A tambaye shi. A wurin aikinsu, idan lebura ya buga ƙofa sau uku mai gadi bai buɗe ba, wa ake kora?"

Surukina ya ce, "Mai gadi, Hajiya."

"To, mai gadi ta sauka daga yau. Ba zan bar sallata don kare ba. A nemo wani. Ga mutum nan kwance ba ya aikin komai, hannunsa ɗaya ya ishi ƙofa."

Kafaɗar Malam ta ɗan motsa.

Ranar Juma'a bayan masallaci surukina ya kwance harshen makullin, ya sa wani ɗan ƙarfe mai kama ƙofar da kansa, ya kafa zobe a bango, ya zaro igiya daga mariki ta cikin zoben har zuwa ƙarfen gado. Ya gwada, ƙofar ta buɗe. Ya ɗora bakin igiyar a kan bargo kusa da hannun Malam. Malam bai taɓa ba. 'Yar ta raɗa mini cewa wannan jan shi ne motsin da ta yi wata huɗu tana roƙonsa ya yi. Na ce ta rufe bakinta kada ya ji.

La'asar ta yi. Na ba kwikwiyon ruwa da yawa, Allah ya yafe mini, na shiga lungu na ja ƙofa na tada salla. A raka'a ta uku ƙararrawa ta yi ƙara. Shiru. Ta sake. Na ji gado yana kuka, na ji numfashi mai nauyi, na ji igiya ta kuɓuce ta bugi ƙarfe. Na riƙe karatuna da ƙyar. Ina zaman tahiya sai iska mai zafi ta biyo ta ƙarƙashin ƙofar lungu ta taɓa mini ƙafa.

Na yi sallama, na yi addu'ata ban rage komai ba, sannan na shiga. Ƙofar hosh a wangale. Malam ya jiƙe da gumi, igiyar naɗe a wuyan hannunsa sau biyu. Kwikwiyon ya dawo, ya ɗora haɓa a gefen katifa, yashi a ƙafafunsa. Na ce wa Malam sabon mai gadin nan bai iya rufe ƙofa ba, duk sanyin ɗaki ya tsere. Bai ko kalle ni ba. Ya ɗaga kwanon hantar ya nuna mini babu komai a ciki, ya miƙo mini da hagu. Na karɓa da hannu biyu na nufi kicin.